Dutsen Palani, Inda Ake Cewa Guba Ta Zama Magani

Uwargida, idan jinya ko rakiyar mara lafiya ta kai ki Chennai a kudancin Indiya, za ki ga shagunan magani da aka rubuta musu "Siddha". Sunan ya samo asali ne daga wasu mutanen da, waɗanda Tamilawa ke kira Siddhar. A aƙidarsu, mutane ne da suka kai matuƙa wajen horar da jiki da zuciya har suka samu baiwa. An fi ƙidaya guda 18, kuma mawaƙa ne, masu gudun duniya, masu haɗa magani.

Ɗaya daga cikinsu, Bogar, makwancinsa na kan dutsen Palani a gundumar Dindigul. Matakalar hawa ta kusa 700, don haka tsofaffi da masu goyo kan shiga wani ɗan tarago da ake ja da igiyar ƙarfe. A hanya za ki yi ta cin karo da yara an yi musu aski ƙwal, an shafe kan da ƙullun itacen sandal saboda zafin rana. Alkawari ne iyayen suka cika. Lokacin bikin Thaipusam, tsakanin Janairu da Fabrairu, wasu sukan yi kwanaki suna tafiya ba takalmi kafin su iso.

A ƙololuwar dutsen akwai gunkin Murugan. Mabiya sun ce Bogar ne ya ƙera shi da guba iri tara, kuma madarar da aka zuba masa takan zama magani. Wannan imaninsu ne. Abin da ya shafe ki shi ne, har yau wasu magungunan Siddha ana haɗa su da ma'adinai irin su zaiba da farar wuta. Gwamnatin Indiya ta amince da fannin, akwai ma kwalejojinsa, amma zaiba tana illa ga ƙoda da ƙwaƙwalwa, musamman ga jarirai da masu juna biyu. In wani ya tallata miki ƙwaya ko gari a bakin asibiti, ki fara nuna wa likitanki kafin ya shiga bakin yaro.

A gindin dutsen kuma za ki ga gwangwanayen panchamirtham jere a shaguna: ayaba, mazarƙwaila, zuma, man shanu da kadamon, an kwaɓa su wuri guda. Yara kan nace a saya musu. Ki dai sani asalinsa abin baiko ne ga gunkin.