Yawon La'asar a Lambun Ƙofar Gamji

Ran da aka ba da hutu a watan Disamba, ɗana na fari ya komo gida da takardar jarrabawa, ya miƙo mini yana duban ƙasa. Cikin yara 42 shi ne na 37. Ni kuwa malamin makaranta ne, kullum ina horon 'ya'yan mutane, ga nawa a baya. Kunya ta kama ni, ta koma fushi. Na yanke masa hukunci, babu wasa, babu fita, sai lissafi safe da yamma har a koma.

Bayan kwana shida uwargida ta ce mini, "Malam, ko jaki in ya yi nisa da kaya, a kan sauke masa ya sha ruwa. Ka kai mu mu sha iska mana." Da aka yi sallar la'asar muka ɗunguma, ni da ita da yaron da ƙanwarsa, sai lambun Ƙofar Gamji, nan bakin kogin Kaduna. Sunan da aka sa masa shi ne na Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi Gwamnan Arewa daga 1966 zuwa 1967, amma bakin jama'a bai saki Gamji ba, kirarin Sardauna Ahmadu Bello.

Lokacin hunturu ne, hazo ya dushe rana har mutum ya iya dubanta. Ruwan kogi ya ja baya, duwatsu sun fito. Ga iyalai nan jefi-jefi a inuwa, yara suna guje-guje. Nawa kuwa yana biye da ni shiru, kamar wanda za a kai gaban alƙali.

Da muka isa 'yar gadar ƙarfen nan ta masu tafiya da ƙafa, halin malanta ya motsa. Na ce musu a Zungeru aka fara kafa ta a 1904, zamanin Gwamna Lugga, sa'ad da can ne hedkwatar Arewa, daga baya aka kawo ta Kaduna. Ƙanwar ta ce, "Baba, wa ya iya ɗaukar gada?" Kafin in shirya amsa, yaron ya tsuguna, ya shafa ƙarafan, ya ce, "Ba ɗaukarta aka yi ɗungum ba. Dubi mahaɗan. Kwance ta aka yi, aka zo aka sake ɗaurawa." Na dube shi, ban ce kome ba.

Muka ci gaba. Yarinyar ta nuna wani dogon itace, ta tambayi sunansa. To, jama'a, ni da na yi shekaru a kwalejin horon malamai, na san sunan babban birnin Faransa da na Masar, sai ga ni ina kame-kame. Yaron ya ce a hankali, "Maɗaci ne, Baba. Kaka tana jiƙa ɓawonsa saboda ciwon ciki." Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya nuna mana mangwaro da ya fara fure, ya ce in iska ta yi ƙarfi furen ya kan zube, 'ya'yan su yi ƙaranci. Ya nuna darbejiya. Da balbelu suka taso jere za su makwanci, ya ƙirga su kafin su ɓace, ya ce 29 ne. Ashe mai tsoron lissafi a allo ba ya tsoronsa a sararin sama!

Ni ma na ƙara masa abin da na sani, cewa asalin darbejiya da mangwaro daga wajen ƙasar Indiya su ke, kogin nan kuma daga tuddan Jos ya taso, ya gangara har ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe. Ya yi ta jero mini tambayoyi, abin da bai yi ba tun farkon shekara. Uwargida tana baya tana murmushi, ta san abin da ta ƙulla.

Aka kira magariba muka juyo. A hanya na tuna da yaran da ke zama a bencin baya cikin ajina, waɗanda na kan ce ba su da kai. Wa ya san abin da ke cikin kawunansu, tun da ban taɓa tambayarsu wani abu ba sai wanda ke cikin littafi?

Ban yafe masa lissafi ba, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Amma yanzu da 'ya'yan darbejiya mu ke yinsa a tsakar gida, sa'a guda da safe, sauran yini nasa ne. Ko zai tashi daga na 37, wannan yana wurin Allah.

Ku 'yan makaranta, kada ku ɗauka na ba ku hanyar lalaci. Ku riƙe karatunku da kyau, amma in kun fita hutu ku buɗe ido, ku tambayi tsofaffinku sunan itace da tsuntsu. Mu kuma malamai, Allah Ya ba mu haƙurin sauraro. Amin.