Da'irar da ba da'ira ba

Mu uku ne, dukkanmu 'ya'yan ma'aikatan Bompai. Iyayenmu sun yi sammakon zuwa masana'antun nan a kan keke, zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana. Da muka gama karatu sai muka tarar yawancin masaƙun sun rufe, kamfanonin roba ne ke motsi. Muka ce to, a robar za mu nemi abincinmu.

Jarinmu bai wuce kwamfuta ɗaya da kwasar adashe ba. Muka sauke manhajar Blender saboda kyauta ce, muka koye ta a YouTube da datar tsakar dare. Cikin wata biyu muka zana robar man kaɗanya mai murfi, tana sheƙi kamar ka miƙa hannu ka ɗauka. Wata hajiya mai haɗa man shafawa ta ga bidiyonta a waya, nan take ta ba da kafin alƙalami.

Robar irin wannan sai an sassaƙa mata mazubi na ƙarfe, wanda inji zai riƙa ɗura narkakkiyar roba a ciki. Don haka muka nufi shagon wani dattijo da ya tsufa a wannan aiki, muna tafe muna ƙafafa.

Ya gyara tabarau ya ce mu ƙara girman bakin robar. Muka ƙara. Sai ga da'irarmu ta koma gajerun layuka 32 da aka jera kai da kai.

"Samari, hoto kuka kawo mini," in ji shi. "Ina awon?"

"Baba, ai ga shi nan a kwamfuta."

"Kaurin jikinta milimita nawa? Tsakanin murfi da baki nawa kuka bari?"

Muka yi tsuru-tsuru.

Ranar muka gane abin da muke riƙe da shi. Irin wannan manhaja ba ta san da'ira ba. Ƙananan falle-falle take haɗawa, masu kusurwa uku ko huɗu, kamar yadda ake ɗinka ƙwallon ƙafa da gutsattsarin fata, sannan ta shafe gaɓoɓin da haske don ido ya ga santsi. Ido yana yarda, ƙarfe ba ya yarda. Injin yanka zai bi kowace kusurwa yadda take, murfi ya ƙi zama, mai ya tsiyaye a jakar mai saye.

Baba ya ƙara mana da abin da bidiyon da muka kalla bai faɗa ba. Roba tana tsukewa in ta huce, irin wadda za mu yi amfani da ita takan ragu da kashi 1 zuwa 2 cikin 100, saboda haka dole mazubi ya ɗan fi ta girma. Kuma jikinta sai an ɗan karkata shi, ko da digiri 1 ne, in ba haka ba ta maƙale ta ƙi fita.

Mafi wuya shi ne komawa wurin Hajiya mu ce a ƙara mana mako uku. Ta dube mu ta ce kuɗinta ba na gado ba ne. Muka ba da haƙuri, muka koma muka sake zanen daga tushe a FreeCAD, wadda ita ma kyauta ce, amma kowane layi sai ka ba shi awo, da'irarta kuma ta lissafi ce.

Har yau muna musu. Ɗayanmu yana cewa mu goge Blender, ta kusa jawo mana abin kunya. Mu biyun muna tuna masa cewa ita ta kawo Hajiya, kuma a yini ɗaya za ka iya juya fasali biyar mai kaya ya zaɓa, kafin a taɓa ƙarfe mai tsada. Don haka ba mu goge ta ba. Mai saye muke nuna wa. In za mu shagon Baba kuwa, da awo muke tafiya.