Allura a Hannun Bahago

A Wadata, inda masu sana'ar hannu na birnin Yamai suke baje kolinsu, akwai wani dattijo maɗinki da ke riƙe allura da hannun hagu. Yana yaro ya sha duka a kan hannun nan, a gida da lakwal duka, domin a al'adar Bahaushe hagu ba ta cin tuwo, ba ta gaisuwa, ba ta miƙa kyauta. Da aka kai shi koyon ɗinki, maigidansa ya zaunar da shi gefensa, ya tilasta masa dama. Shekara guda zare yana harɗewa, har aka ce yaron ba shi da basira.

Wata rana wuri ya yi ƙaranci, sai ya zauna gaban maigidan suna fuskantar juna. Nan take ya ga aikin kamar cikin madubi: damar maigida ta daidaita da hagunsa. Inda wancan ya faro daga dama, shi sai ya faro daga hagu. Da haka ya koyi aska biyu, ya kai ga aska takwas, zanen nan da ke sauka bisa aljihun babbar riga. Yau mai saye yakan duba tsabtar ɗinkin, bai taɓa tambayar hannun da ya yi shi ba.

Har yanzu cikin azuzuwanmu ana ƙwace alƙalami daga hagun yaro. Da malam zai koma gabansa ya zauna, wataƙila da an huta da bulala.