Kwaɗon Fiya da Fadamar Zabarmari

Bahaushe ya daɗe da sanin kwaɗo. Akwai na zogale, akwai na rama, akwai na tafasa da na lansir, sa'annan da zamani ya zo aka sami na latas da na kabeji. Kowannensu da ma'abotansa, amma dokarsu guda ce: a sami ganye, a haɗa shi da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da barkono da gishiri, a cuɗa, a ci nan take. Ko da an dafa ganyen, shi haɗin ba ya hawa murhu, kuma ba a ajiye shi ya kwana. Da wannan ma'auni ne muka auna wani baƙon abinci da ya shigo gidanmu shekarun baya, wanda mutanen Meksiko ke kira gwakamole, muka ga ashe ɗan dangi ne. Saboda haka muka raɗa masa suna kwaɗon fiya, kuma da wannan suna za mu kira shi a nan.

Da yake harshe da adabi ne sana'armu, ba mu iya cin abu ba tare da mun tambayi asalin sunansa ba. Kalmar gwakamole ta fito ne daga Nahuwatal, harshen mutanen Aztek, inda aka haɗa kalmomi biyu: ahuwakatal, wato fiya, da molli, wato miya ko haɗi. Mutanen wannan yanki sun yi dubban shekaru suna cin fiya kafin Sifaniyawa su ci birninsu na Tenocititilan da yaƙi a shekarar 1521. Sukan murƙushe ta a wani ɗan turmi na dutsen aman wuta, wanda har yau ba a rasa shi a madafar mutanen ƙasar. Lemun tsami da irin albasar da muka sani kuwa Sifaniyawan ne suka kai musu, sai suka shiga haɗin kamar dama da su aka fara.

Abin sha'awa shi ne, duk wanda ya jera kayan wannan kwaɗo a faranti ya jera tarihin tafiye-tafiyen kalmomi ke nan. Albasa da lemo daga Larabci muka aro su. Fiya kuwa daga bakin Turawan Ingila muka ji ta, su da suka ga ta yi kama da wani ɗan itacen ƙasarsu suka ba ta sunansa. Amma wadda ta fi ba mu mamaki ita ce tumatir. Mun aro ta daga Ingilishi, Ingilishi ya aro daga Sifaniyanci, Sifaniyanci kuwa daga Nahuwatal, inda ake cewa tomatal. Ke nan tsohuwar da ke kasa tumatir a Kasuwar Gamboru tana furta kalmar Aztek sau ɗari a yini. Barkono ma daga waccan nahiya ya ƙetaro, haka gyaɗar da ake ƙuli-ƙuli da ita, haka rogo da masara. Idan mai karatu ya ce kwaɗon fiya abincin baƙi ne, sai mu ce masa ya duba kwaɗon ramar kakarsa, ya ƙirga 'yan ƙasa nawa ne a ciki.

Wani abokin aikinmu da ya yi karatu a Amurka ne ya fara haɗa mana shi, daga nan muka ɗauka. Har yanzu abokai kan yi mana ba'a cewa Dakta ya ajiye alli ya ɗauki taɓarya, mu kuwa mukan ce wanda ya ɗanɗana ba ya sake ba'a. Aikin yana farawa ne tun daga wurin mai sayarwa. Fiya tana da wata ɗabi'a: ba ta nuna a kan bishiya, sai an tsinke ta. Don haka akasarin wadda ake kawowa Maiduguri da tauri take isowa. Akan ɗauke ta a tafin hannu a ɗan matsa a hankali. In ta yi tauri kamar dutse, da sauran kwanaki. In yatsa ya nutse, ta wuce. Wadda ta ɗan ba da kai ita ce ta yau. Mai gaggawa yakan naɗe mai taurin a takarda tare da ayaba, domin iskar da ayaba ke fitarwa tana hanzarta nunar. Sai dai a zafin Borno na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, tsakanin nuna da ruɓewa bai wuce yini guda ba.

Ga mutum huɗu ko biyar, fiya 3 sun isa, da ƙaramar albasa 1, da tumatir 2 masu ƙwari, da attaruhu 1 ko 2 gwargwadon jimirin masu ci, da lemun tsami 1, da gishiri. Da yake ɗanye za a ci, wajibi ne a wanke kayan sosai da ruwa mai tsabta da gishiri. Garinmu ya sha fama da amai da gudawa, ba ma wasa da wannan. Akan fara da daka rabin albasar da attaruhu da gishiri a turmin yaji har su saki ruwa. Wannan daka ita ce gishirin aikin, domin ita ke sa yajin ya ratsa ko'ina maimakon ya taru a loma guda. Sa'annan a tsaga fiya, a cire ƙwallon, a kwashe naman da cokali a zuba a kwano, a murƙushe shi sama-sama. Ba a so ya yi laushi kamar kunu, ana so haƙori ya riƙa cin karo da 'yan gutsattsari. Daga nan a zuba dakakken yajin, a matse lemun tsami, a cuɗa. Tumatir shi ne na ƙarshe, bayan an cire 'ya'yansa da ruwansa an yayyanka shi ƙanana tare da ragowar albasar, don kada ya tsinka haɗin. Mutanen Meksiko da wainar masara suke ci. Mu kuwa mun gwada shi da gurasa, da burodi, da dafaffen rogo, da soyayyar doya, kuma a ganinmu gurasa mai ɗumi ta fi dacewa da shi.

To, a nan ne kwaɗon fiya ke nuna halinsa. Da an gama haɗawa ya fara mutuwa. Akwai wani sinadari a naman fiya wanda da ya haɗu da iska sai ya rine, kamar yadda fararriyar doya ko ɓararren goro ke sauya launi. Tsamin lemo yana jinkirta wannan, amma ba ya hanawa. Wasu kan ce a bar ƙwallon a ciki, alhali wurin da ƙwallon ya rufe kaɗai yake tsarewa. Bayan 'yan sa'o'i koren nan mai ban sha'awa ya koma ruwan ƙasa. Ba a shanya shi, ba a banda shi, ba a yi wa matafiyi guzuri da shi.

Wannan hali ya saɓa wa hikimar madafarmu ta Arewa, wadda akasarinta hikimar tanadi ce. Kakanninmu sun san fari, sun san fara, sun san yaƙi, don haka suka koyi busar da kome: kuka da kuɓewa da kalkashi, kauɗar tumatir da busasshen tattasai, daddawa da kilishi, da bandar kifin Tafkin Chadi. Wanda ke da waɗannan a ɗaki yana iya rufe ƙofa wata uku yana cin tuwo da miya. Kwaɗon fiya kuwa ba ya yiwuwa sai abubuwa biyu sun tabbata a mako guda: hanya ta buɗe, gona kuma ta shigu. Fiya ba ta son ƙasarmu mai zafi da ƙarancin ruwa, daga wurare masu ni'ima irin su tsaunukan Filato da Mambila da kudancin ƙasa ake ɗauko ta. Kafin ta iso sai ta bi hanyar Damaturu, wadda ta yi shekaru tana zaman kusan ita kaɗai ce ƙofar Maiduguri da ake iya bi. A kan wannan hanya ne, a garin Auno, aka kashe matafiya kimanin 30 a watan Fabrairun 2020, waɗanda dare ya riske su bayan an rufe mashigar gari. Wannan ke nan game da hanya. Maganar gona kuwa ita ce za ta kai mu Zabarmari.

Zabarmari gari ne a Ƙaramar Hukumar Jere, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri. Sunansa ma labari ne, domin ɗafin "ri" na Barebari yana nuna mazauni, kamar yadda muke da Hausari da Fulatari da Shehuri. Wato dai mazaunin Zabarmawa. Hausa ce ke yawo a kasuwarsa, kuma mutane daga ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara sun daɗe suna zuwa ci-rani, wasu su zauna. Abin da ya jawo su shi ne fadamar Jere, inda kogin Ngadda ke baje ruwansa bayan ya ratsa Maiduguri. Da damina a noma shinkafa, da rani a yi lambu. Daga wannan fadama da ƙauyukan da ke kewaye da ita ake shigo da kaso mai yawa na ɗanyen kayan miyar da muke saye a gari da sassafe, da sauran raɓarsu.

Ranar Asabar, 28 ga Nuwamba, 2020, mutanen Zabarmari da 'yan ƙwadagonsu suka fita yankan shinkafa a gonakin Koshebe. 'Yan Boko Haram suka kewaye su, suka ɗaure su, suka yi musu yankan rago. Washegari aka jera gawa 43 cikin likkafani a Zabarmari aka sallace su, Gwamna Babagana Umara Zulum yana cikin sahu, kuma daga baya aka ci gaba da tsinto wasu. Duniya ta yi kwana biyu tana maganar, sa'annan ta wuce. Su kuwa mutanen garin ba su da inda za su wuce. Shinkafa ta nuna, ba ta jiran a gama zaman makoki, kuma wanda ya ƙi zuwa gona don tsoron wuƙa zai tarar da yunwa a gida. Suka koma, wani lokaci da rakiyar jami'an tsaro da 'yan kato-da-gora, wani lokaci da Allah kaɗai. Bayan shekara huɗu, a watan Satumba na 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci rabin Maiduguri ya kuma shafe gonakin Jere. Da ruwa ya janye, suka sake komawa.

Mai karatu na iya zaton wannan masifa tamu ce mu kaɗai. Amma ita kanta fiyar tana da nata Koshebe. Meksiko ce kan gaba a duniya wajen nomanta, kuma jihar Micowakan ce cibiyar noman. Da kuɗin fiya ya yawaita saboda kasuwar Amurka, sai gungun 'yan bindiga suka ɗora wa manoma haraji, suna sace wanda ya ƙi, suna ƙwace gonaki. Har ta kai mutanen wani gari mai suna Tansitaro suka kafa dakarun sa-kai don tsare lambunansu, kusan a daidai lokacin da matasan Maiduguri suka ɗauki gora a shekarar 2013. A watan Fabrairun 2022 Amurka ta dakatar da shigo da fiyar jihar na kusan mako guda, saboda an yi wa wani jami'inta mai duba amfanin gona barazana ta waya. A nan akwai abin lura: barazana ga jami'i guda ta tsayar da kasuwa, amma jinin manoma na shekaru bai tsayar da ita ba. Manomin Micowakan da na Zabarmari ba su san juna ba, ba su jin harshen juna, sai ga shi amfanin gonarsu irin guda ya haɗu a kwano guda, ƙaddararsu ma ta yi kama.

Ba muna cewa a daina cin kwaɗon fiya ba ne. Hasali ma, kauce wa kayan lambu cutar da mai lambun ne. Abin da muke cewa shi ne a ci da sani. Mu ma'aikatan jami'a mun ƙware wajen tayi. Mukan tsaya a kan kashin tumatir muna ja-in-ja a kan kuɗin da ba zai sayi katin waya ba, mu tafi muna murna mun yi wayo. Alhali a cikin wannan kashi akwai kuɗin taki da na man injin ban-ruwa, akwai kuma wani farashi da ba a rubuta shi, wato na mutumin da ya yi sallama da iyalinsa da asuba bai san ko zai dawo ba.

Akwai kuma bashin da ke kanmu mu masu alƙalami. Adabinmu na baka ya girmama manomi. Makaɗan noma sun wasa gwarzayen gona da sunayensu da na ƙauyukansu. Rubutaccen adabinmu na yau kuwa ya fi son falo da mota. Muna kira ga ɗalibanmu, musamman waɗanda iyayensu ke noma a Jere, su rubuta abin da suka sani: yadda ake raba ruwa a lambu, yadda ake biyan ɗan ƙwadago a lokacin yankan shinkafa, abin da uwa ke faɗa wa ɗanta in zai fita. Adadin 43 ya shiga jaridu, amma kowane guda daga cikinsu yana da suna da sana'a da abincin da yake so, kuma ba mai rubuta wannan sai na gida.

Daga ƙarshe, ga wanda zai gwada haɗin, shawararmu ita ce ya yi daidai cin mutanen da ke gabansa, ya kira maƙwabci in ya yi yawa, tunda ba ya ajiyuwa. In kuma ya je sayen tumatir da albasa, ya tambayi mai kaya daga wace fadama aka ɗauko, ya faɗa wa yaransa sunan wurin a lokacin da suke ci. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Koshebe, ya tsare waɗanda ke fita gona gobe da asuba.