Kafin Ka Taɓa Birkin MGB Ɗin Nan

Ƙanena,

Yaya sanyin Ingila? Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ka.

Na ga hotunan motar, na saurari saƙonka har sau biyu. MGB ta 1972, ƙirar Abingdon! Na yi maka murna ƙwarai. Sai dai da na ji ka ce da kalifar alminiyam mai fistin huɗu za ka fara, na ajiye sifana na ce gara in rubuto maka a tsanake.

Motar nan tan ɗaya ce ko kusa da haka. Masu ƙera ta sun sa mata faifai mai inci 10.75 a gaba da kalifar Lockheed mai fistin biyu, ganga mai inci 10 a baya. In duk suna da lafiya, sun isa su kulle tayoyinta. Laushin da kake ji kamar ka taka soso, tsufa ne. Tiyon roba in ya daɗe kumbura yake yi idan an taka, man birki kuma danshi yake sha. Sabon man DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155. Ka kwatanta doguwar gangara, mai ya koma tururi, ƙafarka ta tafi har ƙasa. Saboda haka ka fara da tiyo mai saƙar ƙarfe, da sabon mai, da fad mai kyau, ka ɗaure birkin baya, don da hannu ake daidaita shi. Kada ka hura ƙurar cikin ganga, tsofaffin layinin suna iya ƙunsar asbestos.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne masta, wato silindar da ke tura man birki. Yawancin na kasuwar Ingila na waɗancan shekaru layi ɗaya gare su: tiyo guda ya fashe, tayoyi huɗu sun rasa birki. In taka haka take, nan kuɗinka ya kamata ya fara zuwa, a mayar da ita mai layi biyu.

Batun rage nauyi da kalifar alminiyam kuwa, kana da gaskiya, kuma ina goyon bayanka. Kalifa da faifai tare da taya suke tsalle, ba sifirin ke ɗauke da su ba. Duk sanda taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, sifirin da shoki ne za su mayar da ita kan kwalta, in ba ta da nauyi kuma nan da nan take komawa. A sitiyari za ka ji bambancin, musamman a kwana mai gargada. Alminiyam bai kai rabin nauyin ƙarfen zubi ba, don haka kilo biyun da ka rage a nan ya fi wanda za ka rage a but amfani.

Amma ka lura. Kalifar Austin Princess da masu MGB suka daɗe suna sawa fistin huɗu gare ta, sai dai ƙarfen zubi ce, nauyi za ta ƙara maka. Faifai mai ƙofofin iska a tsakiya ma ya fi naka nauyi. Zafi yake jurewa, kai kuma ba tsere za ka shiga ba. Don Allah kada wani ya ruɗe ka ka huda faifai ko ka sa a rage masa kauri. Kaurin nan shi ke shanye zafi, na sha ganin wanda aka huda ya tsage daga bakin hujin.

In ka zo sayen kalifar, ka tambayi faɗin fistocinta gaba ɗaya. In ya zarce na asali da yawa, birki zai riƙa nutsewa kafin ya kama, gaba kuma ta kulle baya tana zaune. Ka auna ko za ta shiga rim ɗinka mai inci 14, balle in mai waya ne. Ka duba shekarun tayoyin a jikinsu, domin busasshiyar taya ba ta riƙe kwalta ko da wace kalifa. Ka sanar da kamfanin inshora duk abin da ka canza. Tsofaffin kayan kuma ka shafa musu mai ka adana, wanda zai sayi motar wata rana zai neme su.

Ka turo min hoton masta da na gefen taya kafin ka biya ko fam ɗaya. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa min kan yara.

Yayanka.