Ruwan da ido ya ce garau ne

Mu masu nazarin harshe mun saba da cewa kalma tana ɗauke da yadda mutane suke auna duniya. Ku dubi yadda Bahaushe ke yabon ruwa: garau, ba wari, ba gauraye. Ido da hanci da harshe, su ne alƙalanmu. Har karin maganarmu ta dogara da su: ruwa ba ya tsami banza. To, idan ruwan bai yi tsami ba kuma yana cutarwa fa?

Abin da ya samu Tibiri ke nan, nan kusa da Maraɗi. A 1985 aka fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwa garau, kowa na murna. Shekaru suka wuce, haƙoran yara suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe. Sinadarin fuliyor ne daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligaram 1.5 cikin lita guda. Na Tibiri ya ninka haka sau uku ko fiye. Ba launi, ba wari. Ko an tafasa ruwan ba ya fita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gano shi ba wani aikin tsafi ba ne. A labo ana zuba ruwan cikin wani jan rini mai haɗe da sinadarin zirkoniyom. Fuliyor yana janye zirkoniyom ɗin, sai jan ya dushe. Ido ba ya iya faɗin ko nawa ya dushe, amma na'urar sifekturofotometa, wadda ni nake kira ma'aunin haske, tana iyawa. Tana haska ruwan da haske mai tsawon zango nanometa 570, ta ƙirga wanda ya ratsa da wanda aka shanye. Daga nan lamba ta fito. Haka ake kama dalma ma da wata irin na'urar, don kowane ƙarfe da kalar hasken da yake sha.

Sai dai fa, ƴan uwa, lambar da Faransanci take fitowa, a takarda, ta kwanta cikin ofis. Uwar da ke layi a bakin famfo da tulunta ba ta da kalmar da za ta tambaya da ita. In ta ce "ruwan nan na da kyau?" za a ce mata "ai ga shi kina gani".

Nan ne aikinmu yake, ba na ƴan kimiyya kaɗai ba. Muna buƙatar bambanta "ruwa garau" da "aunannen ruwa", mu sa kalmar a rediyo da makaranta da bakin rijiya, har ta zama gama-gari. In an gina sabuwar rijiya a garinku, ku tambayi mai gari da ma'aikatan ruwa: an auna? Yaushe? Nawa aka samu? Ku ce a karanta sakamakon da Hausa, a bainar jama'a.