Gabas Mai Nisa a Kasuwar Wunti

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Wunti a birnin Bauchi, ya ratsa tarihin Gabas Mai Nisa ko bai sani ba. Takardar da malamai ke saye, a ƙasar Sin aka kyautata yin ta a shekarar 105 Miladiyya, sana'ar ta biyo ta Samarƙandi da Bagadaza. Shayi da tangaran ma can ne asalinsu. Baburan Honda kuwa na Japan ne, ƙasar da ta duƙufa neman ilmin ƙere-ƙere tun 1868, lokacin da ganuwar Sarki Yakubu ta haura shekara 50. Har yau riɗin manomanmu ɗanye yake tafiya can, kayansu su zo mana a ƙere.